Handikaf ɗina ya kafe a 24 ya ƙi sauka, me zan gyara?

Abban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar golf ɗin nan, don gaskiya abin ya fara damuna. A Kaduna nake bugawa, yawanci ranar Asabar da sassafe, in na samu na tashi aiki da wuri kuma ranar Laraba nakan leƙa in yi rami tara kafin magariba. Farkon shigata handikaf ɗina, wato lambar da ke nuna bugu nawa ake yafe min a wasa, sauka kawai yake yi ba wahala, daga 36 ya dawo 30, daga nan 26, amma tunda ya taka 24 shikenan ya kafe, yau ya hau kaɗan gobe ya sauko kaɗan, haka muke ta yi an fi shekara.

Abin da nake bugawa a rami 18 tsakanin 97 ne zuwa 103, akwai ranar da Allah ya taimaka na yi 91 amma ban sake ganin irinta ba. Inda na fi ganin matsala shi ne direba, doguwar sandar nan ta bugun farko, in na buga ƙwallon sai ta tashi a miƙe, tana kai rabin hanya sai ta karkata dama ta faɗa cikin itatuwa ko doguwar ciyawa, wani lokacin ma ba a ganinta kwata-kwata. A renj kuwa, wato wajen atisayen bugu, lafiya lau nake bugawa wlh, in ka gan ni a can sai ka ɗauka ɗan 15 ne, amma da na hau ti na farko, wato inda ake fara bugu, mutane na tsaye suna kallo sai hannu ya canza. Sannan kusa da girin, wato shimfiɗar da ramin yake, nakan yi asarar bugu sosai, musamman yanzu da ƙasa ta bushe.

Tambayoyina su ne, akwai wani aboki da zai sayar da direbansa sabon yayi, ya ce yana rage silais, wato karkatar nan, in saya ko in bari? Ko kuɗin gara in ba firo, ƙwararren mai koyarwa, ya koya min? Sai kuma abin da ban gane ba, an ce ni ɗan 24 ne wato ya kamata in riƙa buga 96 a fili mai faa 72, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa filin, amma da ƙyar nake kai wa nan, ko lissafin ne ba daidai ba? Burina dai in sauko 18 in sha Allah. Na gode.

Baba Mai Ritaya

Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce ke hana mutane da yawa barci a banza. Lissafin daidai yake. Tun daga 2020 da hukumomin golf na R&A da USGA suka haɗa kai suka fito da tsarin handikaf guda ɗaya na duniya, ba matsakaicin duk wasanninka ake ɗauka ba, katunanka 20 na baya-bayan nan ake dubawa a zaɓi guda 8 da suka fi kyau, su ake haɗawa a raba. Kenan 24 ɗin nan hoton ranakunka masu kyau ne, ba hoton ranar Asabar ɗin da ka saba ba. Mutum ya buga daidai handikaf ɗinsa sau ɗaya cikin wasa huɗu ko biyar shi ne ƙa'ida, saboda haka 99 da 100 da kake gani ba alamar ka lalace ba ne, haka ɗan 24 yake. Kuma ana la'akari da wahalar fili. Misali a ce an auna fili an ba shi 72.0, sulof ɗinsa, wato ma'aunin wahalarsa, 125, kai kuma ka buga 98, sai a cire 72 saura 26, a ninka da 113, wato sulof ɗin matsakaicin fili, a raba da 125, ya ba ka 23.5, wannan lambar ce ke shiga cikin ashirin ɗin, ba 98 ɗin ba.

To yanzu maganar sauka 18. Ɗana, ɗan 18 fa bogi yake yi a kowane rami, wato bugu ɗaya sama da faa, shikenan, 72 a ƙara 18 ya zama 90. Ba a ce sai ka yi faa ko ɗaya ba. Ka ɗauko katunanka na baya ka zauna da su da daddare, na tabbata za ka ga rami goma sha biyu ko sha uku kana yin bogi ne ko faa, sai wasu huɗu ko biyar da ka rubuta 7 da 8 har da 9, waɗannan su ne suka kai ka ɗari. Randa mai yoyo ba ƙarin ruwa take buƙata ba, liƙi take buƙata.

Ga yadda nake so ka riƙa tunani. Rami mai faa 4, yadi 400, kai da ake ba ka bugu ɗaya kyauta a kowane rami har biyu a ramuka shida mafi wahala, me ya kai ka neman hawa girin da bugu biyu? Ka buga 160, ka sake buga 150, saura 90, wej ɗinka, sandar gajeren bugu, ya ɗora ka a kai, fot biyu, wato turawa zuwa rami, ka tashi da 5. Ba ka taɓa direba ba, ba ka shiga daji ba, ba ka ɓatar da ƙwallo ba. Amma in ka zaro direba ta karkata ta ɓace, hukuncin shi ne bugu ɗaya da komawa inda ka buga, wato kana kan ti kana buga na uku ba ka matsa ko taku ɗaya ba, daga nan in ka tsira da 7 ka gode wa Allah.

Kuma kada wani ya ce maka ajiye direba tsoro ne. A gasar Open ta 2006 a Hoylake ta Ingila, filin ya bushe ƙamas ya yi tauri saboda zafi, Tiger Woods sau ɗaya tak ya zaro direba a rami 72, da ayon, sandunan ƙarfen nan masu lamba, ya riƙa fita daga ti yana kauce wa ramukan yashi, kuma shi ya ɗauki kofin da bugu 18 ƙasa da faa. Filinmu a hunturu ai kusan haka yake, ƙwallo in ta sauka tana ta gudu ne, haibirid, sandar da ke tsakanin direba da ayon, ko sanda mai lamba 5 ta ishe ka.

Sai wani abu da nake yawan gani a wajen 'yan 20 zuwa 28. Mutum ya faɗa cikin itatuwa, ga hanya a buɗe ta gefe da zai turo ƙwallon ta koma feyawe, wato tsakiyar hanya mai gajeriyar ciyawa, amma sai ya hango wata 'yar kafa tsakanin dalbejiya biyu ya ce ta nan zai bi. Ƙwallon ta daki itace ta dawo bayansa. In ka shiga matsala ka fita da bugu ɗaya, ka karɓi bogi ko dabul, wato biyu sama da faa, ka wuce. Direban abokinka kuwa ka bar masa abinsa tukuna.

Tsohon Kadi

Ranka ya daɗe Alhaji, duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara ta ɓangaren da na sani, don tun ina yaro nake ɗaukar jaka a fili kafin Allah ya sa na fara bugawa da kaina har ina koya wa wasu, kuma wanda ya ɗauki jaka ya fi kowa ganin inda bugu ke zubewa tunda shi ne a tsaye a gefe yana ƙirgawa a zuci.

Maganar kusa da girin da ka ce ƙasa ta bushe. Na san abin da ke faruwa ko ban gani ba, san wej kake zarowa ko? Mai digiri 56 ɗin nan. To ita wannan sandar gindinta mai tudu ne, an yi ta ne don ta zame cikin yashi ko ciyawa mai laushi, in ka kawo ta kan ƙasar hunturu mai tauri sai gindin ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakin sandar ya sari ƙwallon a ciki ta tsallake girin ta wuce can baya, in kuma ka ji tsoro ka rage hannu sai ta faɗi nan gabanka. Bugu biyu ko uku kenan a wuri ɗaya. Abin da ake gani a talabijin suna ɗaga ƙwallo sama ta sauka ta tsaya, ciyawarsu daban ce da tamu oga. Ka ɗauki ayon 8 ko 9, ka matso da ƙafafunka kusa da juna, nauyinka a ƙafar hagu, ƙwallon ta ɗan koma wajen ƙafar dama, hannunka a gaban ƙwallon, ka buga ta yadda kake buga fot ba tare da karya wuyan hannu ba, ta ɗan yi tsalle kaɗan sauran ta gangara. In ma ba komai tsakaninka da girin sai gajeriyar ciyawa to fota kawai, wato sandar fot, ko daga yadi goma ne a waje, ba wanda zai rubuta a kati da wace sanda ka buga. Manufa ɗaya ce, bugu ɗaya ka hau girin, ko ina ne a kai. Kusa da rami wannan sai daga baya.

Na biyu, nisa. Kusan duk wanda na taɓa riƙe wa jaka in na tambaye shi ayon 7 nawa take kai maka sai ya faɗi wadda ya fi bugawa da kyau a rayuwarsa, ya ce 160, alhali ta yau da kullum 140 ce a iska. Shi ya sa za ka ga yawancin ƙwallayen masu koyo gaban girin suke faɗuwa, kuma can ne aka fi haƙa bonka, wato ramin yashi, da ruwa. Ka samu rana da yamma fili ba mutane, ka buga ƙwallo goma da kowace sanda, yaronka ya tsaya can gefe ya ga inda suke sauka ba inda suke tsayawa ba, ka watsar da mafi nisa da mafi kusa ka riƙe ta tsakiya ka rubuta a ɗan kati ka saka a jaka. Kuma ka sani lissafin rani daban na damina daban, da ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi gudun nan da take yi bayan ta faɗi ya ƙare, sai ka ƙara sanda ɗaya. In ka je Jos kuma, Rayfield ko Lamingo, garin a kan tudu yake iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi tafiya, sai ka yi hattara.

Silais ɗin kuwa ba daga direba yake ba, fuskar sanda ce ke zuwa a buɗe lokacin da ta haɗu da ƙwallo, kuma sau da yawa daga riƙo ne. In kai na-dama ne ka duba hannunka na hagu bayan ka riƙe sanda, in ba ka ganin gaɓoɓin bayan hannu biyu zuwa uku to riƙon ya yi rauni, ka ɗan juya shi dama, kuma sandar ta zauna a yatsu ba a tsakiyar tafi ba. Zai yi maka wani iri na 'yan kwanaki, ka daure. Sannan kar ka riƙa juyawa hagu don ka ba silais wuri, ƙara shi kake yi. Amma wannan sai an gan ka ido da ido, don haka kuɗin nan ka kai wa firo na kulob ɗinku ya duba riƙo da tsayuwa da inda kake saita jiki, darasi uku ko huɗu da ɗan tazara a tsakani ya fi goma a jere.

Injiniya

Salam. Ina girmama Baba da malam Tsohon Kadi, amma akwai inda nake da ɗan ja, kuma ina ganin ya kamata Abban Hanifa ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya kulle direbansa a but ɗin mota.

Maganar da aka daɗe ana yi cewa gajeren wasa da fot su ne komai, an auna ta da alƙaluma kuma ba haka ta fito ba. Akwai wani farfesa a jami'ar Columbia da ke New York, Mark Broadie, shi ya fito da hanyar auna kowane bugu a ga nawa ya ƙara maka ko ya rage maka in an kwatanta da sauran 'yan wasa, har PGA Tour, mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta karɓi tsarin ta fara amfani da shi a kan fot a 2011. Abin da ya gano shi ne kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba daga bugun da ya wuce yadi 100 yake zuwa, wato fita daga ti da bugun neman girin, fot kuwa wajen kashi 15 cikin 100 ne kawai. Kenan in mutum ya ce zai yi ta buga 160 daga ti har abada, eh zai iya sauka 18 ko 19, amma nan zai sake kafewa, don rami mai yadi 420 zai zame masa faa 5 kullum. Shawarar Baba ta ranar gasa ce kuma daidai ce, amma ranar atisaye dole a gyara direban nan, ba a guje masa ba. Kuma a duba lof ɗinsa, wato kwanciyar fuskarsa, da yawa cikinmu muna yawo da mai digiri 9 saboda shi manya ke riƙewa, alhali 10.5 ko 12 zai fi tashi kuma ya rage karkata, in naka irin wanda ake juyawa da ɗan makulli ne to kyauta ma za ka gyara.

Wani abin da alƙaluman suka koya min shi ne rage wa kai buri. 'Yan PGA Tour, waɗanda wannan ce sana'arsu, daga ƙafa 8 rabi suke jefawa rabi su ɓarar. Girin kuwa wajen 12 cikin 18 suke hawa a ƙa'ida, wato da saura bugu biyu su cika faa. To kai da kake zuwa sau ɗaya ko biyu a sati don me za ka ɓata rai ka ɓarar da fot ɗin ƙafa 10, har ɓacin ran ya bi ka ti na gaba ka yi 8? Kuma don me za ka saita tuta in an kafa ta a gefe bayan bonka? Tsakiyar girin kawai, kullum.

Abin da zan ce ka fara yi tun Asabar ɗin nan, a ƙasan katinka ka ja layi huɗu. A kowane rami ka sa alama in fitarka daga ti ta jawo hukunci ko ta sa dole ka turo gefe, ka sa alama in ka yi cif biyu, wato ɗan gajeren bugun gefen girin, kafin ka hau girin, ka sa alama in ka yi fot uku, ka sa alama in kana cikin yadi 150 a wuri mai kyau amma ka kasa kai ƙwallon ko kusa da girin. Bayan wasa biyar ka tara. Layin da ya fi yawan alama shi ne aikinka, ba abin da ni ko wani ya faɗa a nan ba, don mu ba mu ga wasanka ba.

Batun renj kuma, dalilin da ya sa kake gwani a can shi ne ƙwallo talatin kake bugawa a jere da sanda ɗaya daga wuri ɗaya mai laushi, in ta farko ta lalace ka jawo ta biyu. A fili kuwa dama ɗaya ce, kuma tsakanin bugu da bugu minti biyar ne na tafiya. Ka riƙa raba bokitin biyu, rabi na gyaran abin da firo ya ce, rabi kuma ka buga filinku a ka, direba, sai ayon 7, sai wej, kowanne ka koma baya ka zaɓi abin da kake saitawa ka shigo kamar gaske. Ka sa wa kanka iyaka, tsakanin wancan allon da waccan bishiyar shi ne feyawe, ka ƙirga nawa cikin goma suka shiga.

Abban Hanifa

Kai masha Allah, Allah ya saka da alheri, Baba na gode ƙwarai, na ɗauko katunan kuma wlh yadda ka faɗa haka na gani, a na makon jiya rami huɗu kaɗai sun cinye min bugu 14 sama da faa. Malam Tsohon Kadi san wej ɗin ce kuwa. Injiniya zan fara jan layukan.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Mu a rukuninmu in fot ya rage kamar tsawon sanda sai a ce ɗauka an ba ka, kuma in ƙwallo ta ɓace ba ma komawa baya, nan inda muke zato muke ajiye wata mu ƙara ɗaya. Sannan wasu sun ce in ka yi mummunan wasa kar ka miƙa katin don zai ɗaga maka handikaf. Ya abin yake?

Maman Sadiq

Abban Hanifa sannu da ƙoƙari. Wannan tambayar taka ta ƙarshe ta fi ta direba muhimmanci a wajena, don na zauna a kwamitin gasa na ɓangaren mata na ga yadda take kaya wa da mutane.

Ka miƙa kowane kati, mai kyau da mara kyau, har na rami taran da kake yi ranar Laraba ana karɓa. Wanda ya ce mummunan kati zai ɗaga ka bai fahimci tsarin ba, ai Baba ya yi bayani, 8 mafi kyau ake ɗauka, ranar da ka yi 105 ba za ta shiga lissafi ba sam, iyaka dai ta ture kati mafi tsufa daga cikin ashirin. Kuma ko a rami ɗaya akwai iyaka, abin da za a rubuta maka don handikaf ba zai wuce dabul bogi da ƙarin bugun da ake ba ka a ramin ba, wato a faa 4 da kake da bugu ɗaya ko 11 ka yi 7 za a ɗauka. Har wa yau akwai birki, in lambarka ta fara hawa ta wuce 3 a kan mafi ƙanƙantar da ka riƙe cikin shekara sai a rage saurin hawan, kuma ba za ta wuce 5 ba. Mai ɓoye kati kansa yake cuta, zai riƙe lambar da ba tasa ba ya je gasa a Abuja ko Kano ya rasa inda zai sa kansa.

Fot ɗin da ake ba ku kyauta ku daina, ko a ce kai ka daina karɓa. A wasan rami da rami tsakanin mutum biyu ya halatta abokin karawa ya ba ka, amma a gasar ƙidayar bugu dole ƙwallo ta faɗa rami, kuma wanda bai saba jefa na ƙafa uku ba ranar gasa hannunsa rawa yake yi, na ga manyan mutane sun ɓarar da uku huɗu a wasa ɗaya. Ɓatacciyar ƙwallo kuma tun dokokin 2019 minti 3 ne na nema ba 5 ba, in ba a gani ba sai komawa inda aka buga da ƙarin bugu ɗaya, wannan ajiyewar da kuke yi ku ƙara ɗaya rage wa kanku bugu guda kuke yi kowane karo. Maganinta mai sauƙi ne, da ka ga ta nufi daji ka faɗa wa abokan wasa a fili cewa za ka buga ta wucin gadi, ka buga kafin ka bar ti. Watakila in ka fara ƙirga komai lambarka ta ɗan hau zuwa 25 ko 26 na ɗan lokaci, kar ka damu, daga nan ne saukar gaskiya za ta fara.

Game da fot uku, ba karatun gangara ne ke kayar da masu koyo ba, ƙarfin bugu ne. Kafin ka fita ka ɗauki minti goma ka yi ta turawa daga taku goma, taku goma sha biyar, ba ka neman rami, so kake ta tsaya cikin da'irar da ba ta wuce tsawon fota ba. Mu da muka koyi wasa a kan burawun, yashin nan da ake cakuɗawa da mai a share kafin a buga, mun saba dukan ƙwallo da ƙarfi a miƙe, ranar da na fara hawa girin na ciyawa a filin IBB na Abuja sai da na sake koyon hannu gaba ɗaya, don haka duk filin da ka je baƙo ka fara zuwa wajen gwajin fot kafin renj.

Kuma ka riƙa shiga gasar Stableford in kulob ya sa. Maki ake tarawa, bogi bayan an cire bugunka maki 1, faa maki 2, in ka tara 36 ka buga handikaf ɗinka, in rami ya lalace ka ɗauki ƙwallonka ka wuce ba ka rasa komai ba sai makin wannan ramin. Tana koya wa mutum mantawa da ramin da ya wuce.

Baba Mai Ritaya

Hajiya ta gama magana. Injiniya kuma ban ƙi taka ba, gaskiya ce, dogon bugu shi ke raba ɗan 18 da ɗan 8, sai dai shi gyaran suwin, wato yadda kake kaɗa sanda, wata da watanni yake ɗauka, daina yin 8 kuwa Asabar mai zuwa ma zai iya farawa, shi ya sa na sa shi a gaba. A haɗa biyun. Vijay Singh da ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988, ya zo ya ci Masters a 2000 har ya zama na ɗaya a duniya a 2004, ba a san shi da komai ba kamar daɗewa a wajen atisaye, amma shi sana'arsa ce, kai ma'aikaci ne mai iyali, saboda haka ɗan lokacin da kake da shi sai ka san inda za ka zuba shi.

Ni da zan tsara maka, Larabar nan da kake rami tara ka mayar da ɗaya cikin biyu ta zama ta atisaye zalla. Awa ɗaya da rabi ta isa, rabin awa a kan abin da firo ya ba ka na riƙo da direba, rabin awa daga yadi 30 zuwa 90 da wej, sauran a gefen girin da ayon 8 da fota, ƙwallo ɗaya tak, ka jefa ta wuri mara daɗi ka cif ka fot har ta shiga, ka sake jefawa wani wurin. A gida kuma ka ajiye tsohuwar sanda kusa da inda kake zama, kana sauraron labarai kana gwada sabon riƙon har hannu ya saba.

Ranar Asabar ka iso da wuri ka ɗan motsa jiki, kar ka fito daga mota ka hau ti kai tsaye, kuma ka riƙe ruwa da ɗan dabino ko ayaba a jaka, don na lura ramukan 14 zuwa 17 ne mutanenmu suka fi zubar da bugu lokacin da rana ta take kuma ciki ba komai. Direba ka zaro shi a ramukan da dama take a buɗe, inda akwai daji ko iyakar fili a dama ka fita da haibirid. In ka cika wasa biyar da layukan Injiniya ka kawo mana alƙaluman nan mu duba tare.